ZUMUNTA A ƘAFA TAKE: ZAMAN JAMA'A DA ABOTA BAYAN RITAYA

(Jawabin da aka gabatar a wajen taron shekara-shekara na ƙungiyar tsofaffin ɗalibai)



Da farko ina godiya ga kwamitin shirya wannan taro da ya ɗora mini nauyin yin magana a kan zaman jama'a da abota bayan ritaya. Na san abin da ya sa aka zaɓe ni, wato na riga da yawa daga cikinku ajiye aiki, kuma Hausawa sun ce wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi. Ina kuma neman afuwar malamanmu, don kuwa tsayuwa a gabansu da sunan yin jawabi abu ne mai nauyi. Waɗansunsu har yau in suka ɗago kai suka dube ni sai in ji kamar na makara zuwa aji.

Maganar da na zo da ita guda ɗaya ce, kuma zan faɗe ta tun yanzu, domin wanda gyangyaɗi zai ɗauka ya samu abin tafiya da shi gida. A da, a ƙasarmu ta Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, abota tana riƙe kanta da kanta, don kasuwa da gona da biki suna haɗa mutane ko ba su shirya ba. Yanzu abin ya canja. Wanda ya yi ritaya a yau, in bai tashi ya nemi abokansa da gangan ba, ko su ba su neme shi ba, to zai tsufa shi kaɗai yana tsakiyar jama'a. Wannan ƙungiya kuwa ita ce ta fi kowa dacewa da ta hana hakan faruwa.

Ranar Da Aka Miƙa Makulli

Dokar aikin gwamnati a ƙasar nan ta ce ma'aikaci zai ajiye aiki in ya cika shekara 60 da haihuwa ko shekara 35 yana aiki, duk wadda ta riga zuwa. A 2022 an yi wa malaman makaranta doka ta musamman a matakin tarayya, wadda ta ƙara musu zuwa shekara 65 da haihuwa ko 40 a bakin aiki. Ko ta wace ƙofa mutum ya bi, ranar tana nan tafe. Da yawa daga cikinmu mun kama aiki tun muna ƙarƙashin tsohuwar Jihar Kaduna, aka ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987 aka kwaso mu da fayilolinmu. A lokacin muna ganin shekara 35 kamar ba za ta ƙare ba, sai ga shi ta ƙare kamar jiya aka fara.

Duk lokacin da aka tara masu shirin ritaya don a yi musu bita, maganar kuɗi ce ake yi: fansho, giratuti, tantancewa, da sabon tsarin adashin fansho da aka kawo a 2004. Wannan daidai ne, don ciki ba ya ritaya. Amma ban taɓa jin an tambayi mai shirin ritaya da wa zai zauna ranar Litinin da ƙarfe goma na safe ba. Alhali kuwa ofis ba albashi kaɗai yake ba mutum ba. Shi ne yake tashe shi da sassafe, shi ne yake ba shi mutanen da zai gaisa da su, da waɗanda zai yi musu da su, da labarin da zai kawo gida da yamma. Ranar da ya miƙa makulli, duk waɗannan ya miƙa tare da shi.

A nan ne mutum yake gane cewa abokansa iri uku ne. Akwai abokan kujera, waɗanda ke gaishe shi saboda inda yake zaune. Su kam ba abin zarginsu, kujera suke gaisarwa, kuma har gobe suna can suna gaishe ta. Akwai abokan aiki, mutanen kirki waɗanda aiki ya haɗa su, suna ƙaunarsa da gaske, amma aikin da ya haɗa su yana nan yana cin lokacinsu. Za su kira a wata na farko da na biyu, daga nan sai ranar salla. Sa'an nan akwai aminai, waɗanda ba su da yawa. Wanda ya ƙirga ya sami uku, to ya gode wa Allah.

Daga nan sai maigida ya dawo gida ya tare. Iyalin da suka saba ganinsa da safe da dare sai su wayi gari yana zaune a tsakar gida yana lissafin ashana da gishiri, yana faɗan an bar fitila a kunne. Uwargida kuwa ita ba ta yi ritaya ba. Tana da bikinta da sunanta da adashinta da makarantar Islamiyya, tana da ƙawayen da ta riƙe tun tana amarya. Abin da na lura da shi shi ne, 'yan uwanmu mata da suka yi aikin koyarwa ko na asibiti sun fi mu samun sauƙin wannan sauyi, saboda duk tsawon aikinsu ba su saki igiyar zumunci ba. Mu maza ne muka jingina komai namu a jikin ofis.

Yadda Iyayenmu Suka Tsufa

In muka waiwaya baya, iyayenmu da kakanninmu ba su san wani abu wai shi ritaya ba. Manomi ba a ba shi takardar sallama. In ƙarfinsa ya ragu sai 'ya'ya su karɓi garma, shi kuma ya koma zagaya gona da ba da shawara. Abokan da suka yi gayya tare suna samari su ne abokan zamansa a ƙofar gida bayan La'asar. Ranar kasuwar Sheme ko 'Yankara ko Ƙanƙara ko Ɗandume, dattijo zai sa rigarsa ya tafi ko da ba shi da abin saye ko na sayarwa, ya zauna a rumfar abokinsa su ci goro, ya ji wanda ya haihu da wanda ya rasu da wanda ke kwance. Lokacin kakar auduga kuwa hanyar Funtuwa kanta majalisa ce. Kasuwa ita ce jaridarsu, ita ce kuma gidan wayarsu.

Abotarsu tana da ƙa'ida da hakki. Abokin ango yana nan a matsayinsa har tsufa, shi ake aikawa biko, shi ake kira in an raba gado. Wajen mata kuma ƙawance ba wasa ba ne, akwai biki da ake ba juna ana mayarwa da ƙari, har abin ya zama igiyar da ba ta tsinkewa. Wata Baturiya, Mary Smith, ta rubuta tarihin rayuwar wata dattijuwa da ake kira Baba ta Karo, wadda ta zauna a ƙasar Giwa nan maƙwabtanmu, aka buga littafin a 1954. Duk wanda ya karanta shi zai ga yadda ƙawance yake tafiya kafaɗa da kafaɗa da dangantakar jini a rayuwar Bahaushiya. Wato dai mutanen da ba su bar abota a hannun sa'a ba, sun yi mata turaku sun ɗaure ta.

Mu da muka yi karatun boko, aiki ya ɗauke mu daga wannan tsari. An kai wannan Daura, an kai wancan Kaduna, wani ma Ikko. Amma kowa yana da buri guda a zuciyarsa: in na gama zan koma gida, in gyara gonar mahaifina, in sa masara da dawa da waken suya, in ajiye 'yan shanu, in zauna cikin 'yan uwana. Da wannan buri muka yi ta haƙuri da canjin wurin aiki da gidajen haya.

Abin Da Ya Same Mu

Ba sai na tsawaita a kan abin da ya biyo baya ba, don babu wanda ke cikin wannan ɗaki da abin bai taɓa ba. Dazuzzukan da suka haɗa mu da Zamfara da Birnin Gwari, inda a da ake zuwa itace da farauta, sun zama mafakar ɓarayin daji. Muna tune da abin da ya faru a Kadisau ta ƙasar Faskari a watan Yuni na 2020. Muna tune da daren Juma'a 11 ga Disamba 2020, da aka shiga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara aka kora yara cikin daji, har sai ranar 17 ga watan aka sako 344. Duk wanda ya taɓa kwana a ɗakin kwanan ɗalibai ya san abin da ya ji a ransa a wannan mako. Muna kuma tune da 'Yargoje a watan Yuni na 2024. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya ba iyalansu haƙuri.

Abin da nake son mu lura da shi a yau shi ne irin ɓarnar da wannan fitina ta yi wa zumunci, wadda ba a cika ambatonta ba. A ƙarshen watan Agusta na 2021 gwamnatin jiha ta hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, ta ce a zagaya ta Funtuwa, ta kuma dakatar da cinikin dabbobi a kasuwanni da dama, har da na ƙananan hukumominmu uku. A watan Satumba aka yanke layukan waya a ƙananan hukumomi 13, mu ma muna ciki, aka zauna haka har kusan ƙarshen shekarar. An yi haka ne don neman tsaro. Amma ku duba abin da ya zama: hanya ba ta biyuwa, kasuwa ta ragu, waya ta mutu. A waɗannan watanni an yi rasuwar da aminin mamaci bai ji ba sai bayan an yi sadakar bakwai.

Da yawa daga cikinmu sun kwashe iyali sun koma Funtuwa ko Malumfashi ko Katsina ko Zariya ko Kano. Dattijon da ya gina gida a garinsu don ya tsufa a ciki sai ga shi yana haya a unguwar da ba wanda ya san sunan mahaifinsa. Wanda ya zauna a gida kuma ya koyi ɓoye kansa, don an ɗauka duk wanda ya yi ritaya yana zaune a kan giratuti. Sai aka daina shelar ɗaurin aure kamar da, aka daina gaya wa ko maƙwabci ranar tafiya. Mafi muni shi ne zargi. Tun da maganar masu kai wa ɓarayi rahoto ta fito, majalisa ta zama wurin da kowa ke auna bakinsa. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, to a wajenmu ƙadangaren da ya shiga ya ƙara faɗin tsagar. Bugu da ƙari, tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin motar zuwa gaisuwa da dawowa ya zama abin da ɗan fansho zai zauna ya yi lissafi kafin ya tashi.

A 2023 gwamnatin jiha ta kafa rundunar tsaron al'umma, a 2025 kuma an yi zaman sulhu a ƙananan hukumomi da dama. Muna roƙon Allah ya ba mu zaman lafiya mai ɗorewa. Amma ko yau aka ce komai ya lafa, zumuncin da ya yanke ba zai dawo da kansa ba. Hanyar da aka daina bi ciyawa ce ke cinye ta, sai an sa fartanya.

Kaɗaici Ciwo Ne

Wataƙila wani ya ce wannan ai maganar jin daɗi ce, mai fama da kuɗin magani ina ruwansa da hira. To ga abin da masu bincike suka gano. A Jami'ar Harvard ta Amurka an fara wani nazari tun 1938, aka ɗauki samari 724 ana bin rayuwarsu har tsufa, ana duba lafiyarsu da aikinsu da zamansu da mutane. Abin da ya fito fili shi ne, waɗanda suka fi gamsuwa da zamansu da iyali da abokai suna da shekara 50, su ne suka fi lafiya suna da shekara 80. An kuma ga cewa waɗanda suka fi jin daɗin ritaya su ne waɗanda suka tashi suka nemi waɗansu abokan zama a madadin abokan aiki.

A 2023 babban likitan gwamnatin Amurka ya yi gargaɗi cewa haɗarin rashin cuɗanya da mutane yana kama da na shan taba har kara 15 a kullum. Ingila ta naɗa minista mai kula da matsalar kaɗaici a 2018, Japan ma ta yi haka a 2021. Kada kuma mu ce ai wannan ciwon Turawa ne. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a watan Yuni na 2025 ya nuna cewa mutum ɗaya cikin shida a duniya yana fama da kaɗaici, kuma abin ya fi yawa a ƙasashe matalauta.

Mu ma ai mun gani da idonmu. Mun san mutanen da suka bar aiki da ƙarfinsu, shekara biyu ko uku sai ka gan su kamar an ƙara musu goma. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Wanda ba shi da inda za shi ba ya tafiya, wanda ba ya tafiya hawan jini da ciwon suga sun sami wurin zama. Wanda ba shi da abokin magana damuwa ce ke kwana da shi. Aboki ne zai dube ka ya ce, "Kai wane, ka rame, tashi mu je asibiti." 'Ya'yanka suna jin nauyinka, in ka ce ba za ka ba sai su yi shiru. Wanda kuka ci bulala tare kuwa ba zai yi shiru ba.

Darajar Abokin Makaranta

Abokin makaranta yana da wani matsayi da ba wanda ke da shi. Ya san ka tun ba ka zama kowa ba. Ya gan ka da gajeren wando da akwatin ƙarfe, ya san ranar da ka yi kukan gida, ya san sunan tsokanar da aka laƙaba maka wanda jikokinka ba su taɓa ji ba. Kun jiƙa garin kwaki a kwano ɗaya, kun yi layin ɗiban ruwa, kun yi karatun dare da fitila ɗaya. A gabansa ba ka bukatar zama darakta ko alhaji. Sabon aboki ana iya yinsa ko da shekara 70, kuma yana da kyau a yi, amma ba za ka iya yin sabon tsohon aboki ba. Waɗanda muke da su ke nan, kuma kowace shekara in aka tashi yi wa mamata addu'a a wannan taro sunayen ƙaruwa suke yi. Da tsohuwar zuma ake magani, kada mu bar tamu ta zube.

Daɗin daɗawa, a wannan zamani na zargi, abokin makaranta yana cikin 'yan kaɗan da za ka saki baki a gabansa. Ka san gidansu, ka san iyayensa, ka san halinsa tun shekara 40 ko 50. Irin wannan yarda ba a sayenta a kasuwa.

Abubuwan Da Ke Kashe Abota Bayan Ritaya

Na farkonsu kunya ce ta rashi. Akwai 'yan ajinmu da ba sa zuwa wannan taro saboda ba su da kuɗin mota, ko ba su da rigar da suke ganin ta dace, ko suna tsoron a ce a yi karo-karo su rasa abin sawa. Mu kuma sai mu ce wane ba ya son jama'a. Kishiyar wannan shi ne girman kai, wato mutum ya bar kujera amma kujerar ba ta bar zuciyarsa ba, yana jira a zo a gaishe shi kamar da. Sai kowa ya zauna a zaurensa yana jiran wani.

Sai siyasa. Ƙananan hukumominmu uku mazaɓa ɗaya ce a Majalisar Wakilai ta Tarayya, saboda haka kowane zaɓe sai ya ratsa tsakaninmu. Mun ga aminan shekara 40 sun daina gaisawa saboda 'yan takarar da su kansu sun shirya suna cin abinci tare. Sai kuma bashi, wanda aka ce hanji ne. Shawarata ita ce, in abokinka ɗan fansho ya nemi rance, ba shi abin da za ka iya yafewa, ka ce masa kyauta ce.

Na ƙarshe ita ce wayar hannu. Tana da amfani ƙwarai, ita ce ma ta sake haɗa da yawa daga cikinmu. Amma tana da yaudara. Mutum zai tura hoton "barka da Juma'a" a zauren WhatsApp ya ɗauka ya yi zumunci. In aka sanar da rashin lafiyar wani sai mutum hamsin su rubuta "Allah ya ba shi lafiya", amma ba wanda ya taka ya je. Ga kuma waɗanda idonsu ya yi rauni ko ba su da babbar waya, su an bar su a baya gaba ɗaya. Magabata da suka ce zumunta a ƙafa take sun san abin da suke faɗi. Addininmu ma ya sanya gaida maras lafiya da amsa gayyata da rakiyar gawa cikin hakkin da ke tsakanin Musulmi, kuma dukkansu da ƙafa ake yinsu.

Shawarwari Ga Ƙungiya

Mai girma shugaba, ga 'yan shawarwari da nake roƙon a duba. Na farko, kowane aji ya rubuta sunayen 'yan ajinsa duka, da garin da kowa yake yanzu da halin lafiyarsa, a riƙa sabuntawa kowace shekara. Takardar ta zauna a hannun mutum biyu amintattu, kada a watsa ta a waya, saboda halin da ake ciki. Wanda aka rasa labarinsa a sa mutum ya bi sawu har a same shi.

Na biyu, kowannenmu ya ɗauki mutum uku daga cikin wannan takarda, musamman marasa lafiya da waɗanda suka yi ƙaura. Ya kira su da murya sau ɗaya a mako, ya kuma ziyarci na kusa sau ɗaya a wata. Ba sai da wani dalili ba. Ziyarar da ba ta da dalili ita ce ta fi daɗi, don mai gida ya san shi aka zo gani.

Na uku, a kafa zaman wata-wata a kowane garin da muke da mutum biyar ko fiye, ko Ƙanƙara ko Faskari ko Sabuwa ko Funtuwa ko Malumfashi ko Katsina. A riƙa zagaya gidaje, kuma a sa doka cewa shayi da goro kawai za a kawo, don kada a kunyata marar hali, kada kuma mai hali ya mai da abin gasa. A fara da hantsi a tashi bayan Azahar, kowa ya isa gida da rana. A bar siyasa a ƙofa tare da takalma.

Na huɗu, a ware wani abu daga asusun ƙungiya don kuɗin mota da na magani, a damƙa shi ga dattawa uku masu riƙe sirri. Wanda aka taimaka wa kada a karanta sunansa a taro. Ba rance ba ne, kuma ba a neman godiya.

Na biyar, kada abota ta mutu da mutuwar aboki. Bayan an watse daga zaman makoki, gidan yakan yi tsit kamar ba a taɓa sanin maigidan ba. Iyalanmu su riƙa leƙa matar da ya bari, mu kuma mu tambayi karatun marayu. Haka nan malamanmu, waɗanda suka riga mu shiga wannan hali da shekaru masu yawa. Lambar yabo a ranar taro tana da kyau, amma sallama a ƙofar gida a ranar da ba a zata ba ta fi ta.

Na shida, mu koma wa yara. A cikinmu akwai malamin lissafi da malamin asibiti da malamin gona da akawu, duk ilmi na nan zaune a zaure. In kowa zai ba makarantar da ke kusa da shi awa biyu a wata, yara za su ƙaru, shi kuma ya sami dalilin wanke riga da fita. Makarantun yankinmu sun sha wuya a 'yan shekarun nan, kuma ganin dattijo ya shigo aji yana ƙarfafa zuciyar yaro da ta malaminsa.

Ku kuma ƙannenmu da ke bakin aiki har yanzu, kada ku jira sai an ba ku takarda. Ba a fafe gora ranar tafiya. Yadda ake cire wani abu daga albashinku kowane wata don fansho, haka nan ku riƙa cire wani abu daga lokacinku don abokai. Ku je biki, ku je gaisuwa, ku san limamin unguwarku da mai shagon bakin titi. Wanda kuka ƙi gani yau saboda kuna cikin mitin, shi za ku nema gobe.

Kammalawa

Jama'a, tsaron hanya da biyan fansho da farashin mai ba a hannunmu suke ba, namu roƙo ne da addu'a. Amma ɗaukar waya a kira aboki, da taka ƙafa zuwa gidan da ke bayan layi, wannan ba ya jiran izinin kowa. Roƙona shi ne, kafin mu tashi daga nan kowa ya dubi ɗakin nan ya tuna da mutum ɗaya da ya kamata a ce yana nan amma ba ya nan, ya tambayi lambarsa ko kwatancen gidansa, ya neme shi kafin Juma'a mai zuwa. Kada ya fara da tambayar me ya hana shi zuwa. Ya kira shi da sunan nan na makaranta, sauran magana za ta zo da kanta.

Allah ya jiƙan malamanmu da 'yan uwanmu da suka riga mu gidan gaskiya. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya mayar da waɗanda suka yi ƙaura gidajensu cikin aminci, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Allah ya sa mu gama da duniya lafiya, ya kuma mai da kowa gidansa lafiya.